Surukata Ta Kwara wa Motar Yayana Ruwa, Na Kasa Buɗe Baki

Zuwa ga Malam Edita da masu karanta wannan shafi na shawara, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni mutumin ƙasar Faransi ne, wato nan tsallaken iyaka inda Faransawa ke mulki, daga Dogon Dutsi, yankin da muke kira Arewa. Jaridarku sai fataken Birnin Kabi sun zo muke ganinta, wani lokaci ma an riga an naɗe goro da rabinta. Don Allah a sakaya sunana. Kuma duk wanda zai ce mini wawa ya dakata in kai ƙarshe, don na riga shi gaya wa kaina.

Ni direba ne, shofer in ji mutanenmu, a soja na koyi tuƙi. Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya yi mini aure. Fataucin gyaɗa da goro yake yi, ya sha wahalar jakuna da raƙuma har Allah ya buɗa masa, bana bayan kaka ya sayo a-kori-kura sabuwa dal a wani kamfanin Turawa na Yamai. Ranar da muka shigo gari da ita har masu awo sun bar mudunsu sun fito kallo. Baturen da ya sayar mana ya ja kunnenmu, ya ce motar tana cikin rodaji, wato injin bai gama faɗawa ba: ban da gudu, ban da lodi mai nauyi, ban da sauka daga babbar hanya a shiga rairayi. Da Yaya zai miƙa mini makulli sai da ya maimaita. Ya ce, "Ka dai ji abin da Anasara yac ce. Wagga mota jinjira ta, ka lallaɓa ta." Na ce, "Yaya, ni za a koya ma mota?" Ku ji fa bakin da na yi.

A lokacin matata tana gidan iyayenta a Dumega, ta je goyon ciki ta haifi ɗanmu na fari. Wata rana Yaya ya aike ni Tibiri da gishiri da kananzir, na sauke kaya tun rana ba ta yi tsaka ba, sai zuciya ta ce mini ga Dumega nan kusa. Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, son a gani ne kawai. Mutanen nan a kan aron doki suka san ni, ina so su gan ni a bayan sitiyari. Ina karya kan mota na shiga rairayi, sai ga 'yan Dumega suna komowa daga kasuwa, rabinsu dangin matata. Wa zan ɗauka, wa zan bari? Kafin in ce wani abu baya ya cika maƙil da mutane da buhunan gero da akuya, har da wani tsoho da turminsa. Motar da aka ce a lallaɓa, ita ce na riƙa ja da giya ta ɗaya cikin yashi tana gurnani, allurar zafi tana hawa ina gani, ina ce wa kaina saura kaɗan. Muna tsayawa a ƙofar gidan surukaina tururi ya turnuƙe gaban motar. Na sauka na ɗaga murfin inji don ya sha iska, abin da ya kamata ke nan, da an bar shi da ya huce don kansa.

Sai na ji ihu daga cikin gida: "Wuta! Wuta! Motar mijin ɗiyata na ci, ku kawo ruwa!" Surukata ce, ta fito a guje ba ko mayafi, da tulu a hannu, ruwan randa mai sanyi ƙarara.

Jama'a, na san abin da ruwan sanyi ke yi wa inji mai zafi. A gabana sajan ya mari wani kurtu a kan wannan. Amma matar nan tun da na auri 'yarta ban taɓa haɗa ido da ita ba, gaisuwa ma daga bayan zana nake yi a durƙushe, ta amsa daga ciki. Ina ganinta ƙafafuna suka durƙusa don kansu, kaina ya sunkuya. Kalma ɗaya ce, "kada", amma kunya ta hana ni faɗinta. Ta yaya zan daka wa surukata tsawa a gaban garinsu? Ta yaya zan riƙe mata hannu? Ina tsugune ta juye tulun nan a kan injin, 'yan'uwanta mata suka biyo da nasu, na ji wani ƙas daga ciki kamar tukunya ta tsage a murhu. Ta ajiye tulu tana haki, ta juya wajen mutane, don ba za ta yi mini magana kai tsaye ba, ta ce, "Alhamdu lillahi, ta mutu. Da ba ni kusa, da yanzu sai toka." Ni kuwa, wallahi kunyar faɗa nake ji, cewa na yi, "Mun gode, Inna."

Motar ta kawo ni gida, na shiga na gaida Yaya kamar ba abin da ya faru. Daga nan fa ta fara. Da safe sai an tura, in ta tashi ta yi ta fitar da farin hayaƙi, ruwa ba ya zama a cikinta, in na zaro sandar duba mai sai in ga man ya koma kamar fura da nono. Na yi ta canja mai a ɓoye ina addu'a. Ba a rufa wata ba ta tsaya cik a bakin kasuwa, ranar kasuwa, da buhunan gyaɗar mutane a bayanta, aka ɗauro shanu suka ja ta zuwa gida ana dariya. Motar da ko ledar kujerarta ba ta yage ba! Yanzu tana ƙofar gidanmu kaji na kwana a ƙarƙashinta, Yaya ya koma bin masu jakuna yana ba su haƙuri, su kuwa suna ja masa rai. Gari kowa da nasa bayani. Wasu sun ce baki ne, wasu sun ce mun bi ta ƙarƙashin tsamiyar doguwa ba mu yi sallama ba, gwaggonmu har ta kai baƙin bunsuru wajen 'yan bori. Ina ji ina gani aka yanka bunsurun nan saboda ni.

Kamfani suka aiko makanikinsu, wani Bature mai jan wuya, ya kwance kan injin, ya nuna mana tsaga, ya ce wannan aikin ruwan sanyi ne a kan ƙarfe mai zafi, kuma ga yashi har cikin hancinta, don haka ba ruwansu da gyara. Yaya ya juyo ya dube ni a gabansa. "Ƙanena, ka taɓa barin hanya da ita?" Na ce a'a. "Wani ya zuba mata ruwa?" Na ce a'a. Bai sake tambayata ba. Ya ce wa tafintan Baturen, "Hwaɗa mishi ruɓaɓɓen ƙarhe sunka saida muna. Ƙanena ba shi ƙarya." Ya kai ƙara wajen kumandan, Baturen mulkin yankinmu, aka yi ta kai da komo, a ƙarshe aka tsaya a kan cewa in an rantse gaban alƙali motar ba ta bar hanya ba, ba a kuma zuba mata ruwa ba, kamfani zai sa sabon inji. Na ce to ni zan rantse, a raina ina cewa in ya so abin ya faɗa kaina ni kaɗai. Yaya ya ƙi. Ya ce motarsa ce, ƙararsa ce, ba zai tsaya yana kallo ƙaninsa ya dafa Alƙur'ani ba. An sa rana bayan Salla.

Haushi nake ji har ba na iya cin tuwo, kuma ban san wa zan ji wa ba. Motar da ruwan tulu ya kashe, wannan mota ce? Baturen da ya san ƙasarmu rairayi ce ya kawo mana abin da ba ya son rairayi? Tsohuwar da ta ga tururi ta ce gobara? Duk in na zagaya sai in dawo kan mutumin da ya tsuguna yana godiya. Ita kuwa baiwar Allah ba ta san ta yi ɓarna ba. Labari ya iso mini cewa a Dumega ba gidan da ba ta shiga ta faɗi yadda ta ceci motar surukinta ba, har ta aiko a tambaye ni wai motar ta warware? Ga shi matata ta kusa gama wanka, kuma surukar tawa ta ce ita da kanta za ta biyo 'yan rakiya, don tana so ta ga Yaya ta ba shi labari da bakinta.

In na faɗi gaskiya, inji ya tafi, Yaya ya zama abin dariya a gaban kumandan da 'yan kasuwa, kuma duk yankinmu na Arewa zai ji cewa uwar matata ce ta kashe motar, matar da ta fito ba mayafi don ta taimake ni. In na yi shiru, ko dai tsohuwar ta tona ni tana murna, ko kuwa ta makara, wana ya yi alwala ya dafa Littafin Allah a kan ƙaryata. Jiya bayan la'asar na same shi yana share ƙurar gilashin motar da hannun rigarsa, na yi ƙarfin hali na ce, "Yaya, rantsuwa hwa ba wasa ba ta. Ba ka wurin, ba ka ga komi ba." Ya yi murmushi ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Ai ba bisa abin da nig gani za ni rantsewa ba. Bisa abin da kac ce min na."

Kamar dai ranar nan a Dumega, na sunkuyar da kai, na bar shi yana share gilashinsa.

Malam Edita, jaridarku takan daɗe a hanya, Salla kuwa ta matso. Don girman Allah ku ba ni amsa. Me zan yi?