Ƙofar da Kika Huda a Katanga

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ɗiya ga uwa, ina fatan kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Rabi, autarki, malamar lakol, makarantar boko, a Agiye. Na san ba a kai wasiƙa inda kike, amma maganar ta hana ni sakat, kuma waɗanda ya kamata in faɗa wa ba su cancanci yawun bakina ba. Masu karantawa a waya su karanta, ba da su nake ba.

Inna, mun sayar da gidanki na Cadawa. Gara ki ji daga bakina.

Ba don daɗi ba ne. Tun rasuwar mahaifin yaran nan nake haya, sai ga mai gidan ya ce zai yi wa ɗansa aure, in kwashe 'ya'yana uku kafin damina. Kasona na gado shi kaɗai ne abin da zan sama musu rufi da shi. Shi kuwa Yaya Sale, babban ɗanki da ya fi kowa kuka ranar jana'iza, tun a sadakar bakwai na gan shi yana taka tsakar gida yana auna ta da ƙafa. Mutumin da bai taɓa yaɓa wa ɗakinki laka ko sau ɗaya ba!

Kin tuna shekarar da rijiyar unguwa ta rufta? Kika sa aka huda katangar da ke tsakaninmu da maƙwabciyarki Gwaggo Dije, don ta riƙa shigowa ɗibar ruwa a rijiyar gidanmu ba sai ta zagaya ta zaure gaban maza ba. Baba ya ce ko a kira shaidu, kika ce, "Ruwa ne fa, Malam, ba zinariya ba." 'Yar ƙofa ce, sai an sunkuya. Ta nan garwashi yake wucewa, da gishiri, da tuwon sallah, da gulmar unguwa. Ta nan nake tserewa in kin ɗauko tsumagiya, in ɓuya bayan zanen Gwaggo har ki huce.

To, ƙofar nan taki ce ta zama abin da masu ciniki suke kira matsala.

Wanda ya fara kiran ta haka shi ne Ɗan Ladi dillali, mai waya biyu da hula a karkace da turaren da ke riga shi shiga gida. Ya yi ta kwaso mana masu saye, kowane zuwa sai an ba shi kuɗin mai, ko da da ƙafa ya zo. Suna shiga ba sallama, suna shurin bango don su ji ƙarfinsa, suna tofar da yawu gindin zogalenki. Wani ya leƙa ɗakin da kika cika a ciki, ya yamutsa fuska ya ce, "Wanga sai rushewa." Ɗan Ladi ya rantse mana cewa namu ne shi, ya fita waje ya rantse wa mai saye cewa nasa ne, ya karɓi la'ada hannu biyu bai ko ƙifta ido ba.

Sai batun takarda. Kin san yadda Baba ya sayi gidan: dattawa uku, ƙwaryar goro, aka shafa Fatiha. Dukansu suna can tare da ku. A buro, ofishin takardun filaye, aka ce Fatiha ba ta da tambari. Na yi ta hawan mota tsakanin Agiye da Cadawa har direbobi suka san sunana. Yau mai sa hannu ya tafi taro, gobe mai tambari ya tafi ta'aziyya da tambarin a aljihu. Duk wanda ya ɗaga takardata daga wannan tebur zuwa wancan sai ya tsaya yana sosa ƙeya yana kallon jakata. Da mai awo ya zo da igiyarsa, ya tsaya gaban ƙofarki ya ce shi fa sai an gaya masa, gida ɗaya ne ko biyu?

Tambayar nan ce ta farkar da 'ya'yan Gwaggo Dije. Ƙarti biyu masu gemu, waɗanda ba su taɓa shiga yasar rijiyar nan ba, ba su taɓa sayen ko igiyar guga ba, suka tafi gaban mai gari suka ce tunda uwarsu ta shekara da shekaru tana ɗiba, rabin rijiya nasu ne, da hanyar zuwa wurinta. Inna, waɗanda kika yi wa wankan jariri da ruwan nan! Masu saye uku suka gudu. Su kuwa ƙartin nan ba rijiya suke so ba, a ba su wani abu suke so, kuma aka ba su, suka soke a aljihu har da godiya. Ita tsohuwar ba wanda ya tambaye ta. Idonta ya yi rauni, ba ta ma san ana shari'a da sunanta ba.

Wanda ya saya a ƙarshe wani Alhaji ne daga Maradi, bai ko sauko daga mota ba. Wurin ajiyar wake zai gina. Sharaɗinsa ɗaya, a toshe ƙofar kafin ya biya, kuma aka rubuta a takarda. Da yake ni ce kika kai lakol, ni aka miƙa wa na karanta musu da ƙarfi, sannan na sa hannu.

Washegari da safe na je kwashe tukwanenki. An riga an toshe ƙofar da bulo, simintin bai gama bushewa ba. Ina tsaye riƙe da muciyarki na ji guga ya bugi bango ta wancan gefen, sannan na ji tafin hannu yana laluben bulo.

"Rabi, ke ce nan?" in ji Gwaggo Dije. "Ƙofar ta ɓace mani, ko idon nan ne ya ƙara lalacewa?"

Ban amsa ba, Inna. Na danne numfashi na tsaya kamar ɓarauniya a gidan ubana, har na ji ta ja takalmanta ta koma. Na raina Ɗan Ladi, na raina mutanen buro da ƙartin nan biyu da Yaya Sale, amma duk cikinsu ba wanda na raina kamar matar da ta tsaya da muciya a hannu ta yi shiru.

Da kasona na sayi gida a Agiye. Ɗaki biyu ne, an shafe tsagar bango da fenti don a rufe mini ido, ruwan farko ya zubo daidai kan katifar yara. Babu rijiya, sai masu garuwa. Katangar doguwa ce, an jera mata fasassun kwalabe. Akwai wata baiwar Allah a bayanta da nake jin dakanta kullum, har na roƙi mijinta ko za mu buɗe 'yar ƙofa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malama, so kike ki ɓata mani takardar gida?" Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Na sa wani mai garuwa a Cadawa yana kai wa Gwaggo ruwa kowace safiya, na ce kada ya ambaci sunana. Ran kasuwar da ta wuce ya tare ni da saƙo. Wai in ji ta, a gaishe da Rabi, a gaya mata ta san tana nan ran nan, ta ji numfashinta, don tun tana ƙarama haka take yi in ta ɓuya. Wai kada in sa abin a rai, yara sun samu inda za su kwana?

Na zauna bakin hanya na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauke ki.

Inna, Allah Ya sa duk gugan da ya fito daga rijiyar nan ya zame miki haske a kabari. Ya buɗe miki ƙofar da ba mai sa hannu ya toshe ta. Ya tsawaita ran Gwaggo Dije har in sami ƙarfin zuciyar zuwa in durƙusa gabanta in amsa kiran da ta yi mini. Ke kuma ki yafe mini.

Ɗiyarki mai jin kunyarki,
Rabi