Yatsu Huɗu na Ruwa

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Yaya makaranta da rigimar ɗalibai? Wannan ce wasiƙata ta uku tun rasuwar Mamanki. Ban ga amsa ba, na ce ko aiki ne ya yi miki yawa.

Kin tuna ɗan dabinonta na ado da ke gindin taga, wanda ta yi renonsa a gilashi, babu ƙasa, sai tsakuwar yumɓu da ruwa da takin kwalba? Nakan tsokane ta cewa ta fi kula da shi fiye da ni. Saiwarsa ta cika gilashin har ya tsage, shi ne na sayo babba na sauya masa. Shekara arba'in ina kafinta, itace sai ya mutu yake zuwa hannuna, yau ga ni ina renon mai rai.

Ganye ɗaya ya ɗan yi rawaya, amma ba wani abu ba ne. Yana samun sauƙi.

Ki gaida maigidan naki.
Babanki.

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ki, ina kuma roƙon Allah ya sa wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya.

Ƙarya na yi miki a waccan wasiƙar. Ganye uku ne a lokacin, yanzu biyar. Sai da na jefa ta a akwatin gidan waya na tuna da kalmar da na rufe da ita. Ita ce dai na yi ta rubuta miki wata huɗu Mamanki tana kwance, cewa tana samun sauƙi, kada ki bar aikinki. Har kika iso kika tarar an kai ta. Ba aiki ne ya hana ki amsa mini ba, na sani.

Ba don in cuce ki na yi ba. Tsoro nake ji in na rubuta gaskiya ta tabbata. Na hana ki ganin uwarki, kuma ba ni da abin da zan biya ki da shi.

Game da dabinon, zan riƙa gaya miki yadda yake. Ganyen yana farawa daga baki, ya bi har tsakiya, sannan ya sunkuya. Kullum ina auna ruwan yadda ta koya mini tana kan gado: yatsu huɗu a kwance daga gindin gilashi. Ban taɓa kuskure ba, amma kullum baya yake yi.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki.

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikinki, yaya gida?

Jiya na rungumi gilashin na kai wa mai lambun furanni. Ta zaro saiwar, ta yi laushi tana wari. Ta ce ruwa ne ya sha kanta, domin rabin saiwar iska take so. Na rantse mata ban wuce yatsu huɗu ba. Ta dubi hannuna, ta tambaye ni yatsun wa.

Auta, sai a lokacin na gane. A tsohon gilashin ruwa ya bar zobe fari, shi nake bi ba tare da na lura ba, kuma na zubar da gilashin a shara da hannuna. Sabon ba shi da alama. Yatsuna huɗu na kafinta sun kusa shida na Mamanki. Shekara talatin da shida ina riƙe hannunta, ban san faɗinsa ba.

Matar ta yanke ruɓaɓɓen, ganye biyu kore suka rage. Ta ce in gwada yatsu uku. Ina gwadawa, amma ƙiyasi ne, ni kuma na gaji da ƙiyasi a kan abin da nake so.

Irin hannun Mamanki gare ki. Zobenta ma ke kaɗai ya shiga. Na fara rubuta cewa ki ɗora tafinki a takarda ki zana ki aiko, sai na yaga, domin wannan ma wata dabarar ɓoyewa ce. Gaskiyar ita ce ina so ki zo.

Idan ba ki yafe mini ba, ba zan ga laifinki ba. Ki zo ki auna masa ruwan kawai, ki ja layi a jikin gilashin, ki koma. Na ajiye fensirina na aiki a kan taga. Ni zan fita baranda in zauna, ba sai kin gaishe ni ba.

Naki har kullum,
Babanki.