Hannun Daman Basiru

Daren Alhamis, Rusaifa

Yau na tsawata wa Basiru a gaban kawunsa, har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Yaya Ilyasu ya miƙa masa shayi, ya karɓa da hagu. Na ce, "Don kana jefa ƙwallon besbol a ƙasar waje, shi ne za ka dawo Makka ka zubar da tarbiyya?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yi haƙuri, Ummi."

Bayan isha'i na leƙa ɗakinsa yana nafila. Da ya zo kabbara, hannun daman ya tsaya a ƙirji, ya ƙi kaiwa kunne. Na ga ya cije leɓe.

Da ya sallame na tsare shi. Wai kafaɗar ce. Za a yi masa allura ya ci gaba da jifa, don in ya huta wani za a sa a gurbinsa. Na ce jiki amanar Allah ne, wanda ya ci amana kuwa sai ta ci shi. 

Jibi zai koma. Da zan fita ya sumbaci goshina, kuma da hagun ya dafa ni.