Fayil ɗin Malam Sammani da Ya Fi Ƙarfin Gidan Waya

Daga: Maharazu Sammani,
Ta hannun Mai Unguwa, Kadawa.
17 ga Maris, 1986.

Zuwa ga: Mai Girma Babban Jami'in Rabon Gonaki,
Ofishin Noman Rani, Kano.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RASHIN ISAR DA FAYIL ƊIN MAHAIFINA DA WULAƘANCIN DA YA BIYO BAYA

Bayan gaisuwar girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. A shekarar 1983 aka ja hanyar ruwa ta tsakiyar gonar mahaifina, Malam Sammani, aka yi alkawarin musanya masa da wata. Akawun ƙaramin ofishinku, Malam Sunusi, ya buɗe masa fayil. Duk zuwan da tsohon ya yi sai a nemi sabuwar takarda, yau taswira, gobe shaidar maƙwabta, har fayil ɗin ya cika kwali.

2. Da aka ce sai Kano ta sa hannu, Malam Sunusi ya ce gidan waya ba za su karɓa ba saboda nauyi, motar ofis kuma babu taya. Na roƙi in kai da kaina. Ya ce manomi ba ya riƙe takardar gwamnati.

3. Amma ranar 9 ga Disamba, 1985, shi ɗin dai ya ɗora wa mahaifina kwalin a ka, tsohon da ba ya gani sosai, ya ce ya kai bakin titi mota na jira. Babu wata mota. Ya tsaya cikin rana har la'asar, ma'aikata na leƙe ta taga suna dariya. Da ya dawo, akawun ya ce ai gwada shi ya yi, ya ga ko yana da sauran ƙarfin noma.

4. Daga baya ya raba fayil ɗin uku. Kashi ɗaya ya bai wa masinja, har yau bai iso muku ba. Na biyu ya bai wa direban motar tumatir, wanda ya cusa shi tsakanin kwanduna, ya iso muku jiƙe sharkaf, aka dawo da shi. Na ukun yana ƙarƙashin teburinsa, a kai yake miƙe ƙafa. Ofishinku kuma ya ce ba ya duba fayil sai cikakke.

5. Gonar da aka nuna mana a madadin tamu, yanzu surukin Malam Sunusi ne ya dasa albasa a ciki.

6. Allah ya yi wa mahaifina rasuwa ranar 2 ga Fabrairu. Da na kai labari, akawun bai yi mini gaisuwa ba. Ya ce kafin a mayar da fayil ɗin da sunana, dole mai shi ya zo ya dangwala yatsa.

Don haka ina roƙon Mai Girma ya turo mota da amintaccen mutum a haɗa fayil ɗin wuri guda, a binciki Malam Sunusi, a kuma ba mu gonarmu kafin damina. Mahaifiyata da ƙannena huɗu a kaina suke. Idan kuwa doka ta dage sai yatsan mahaifina, ina roƙon a turo wanda zai ɗauka. Zan raka shi maƙabarta, in nuna masa kabarin.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci.

Ni ne mai biyayya gare ka,
Maharazu Sammani.