Gilashin da Ba a Rina Ba

Litinin, 3 ga Maris
Yau shekara biyu da wata bakwai rabona da gida. Farfesa ya ce in hotunan ƙodar ɓerayen gwajinmu suka fito kafin ƙarshen wata, zai sa mini hannu a takardar hutu. Siraran yankan ƙoda arba'in na shimfiɗa a kan gilasai, wahalar wata takwas. Saura a rina, a haska a maikiroskof, na'urar ƙara girman abu.

Laraba, 5 ga Maris
Na ce a sayo jan rini. Ƙoda in an haska ta, da kanta take ba da koren haske. Ka zuba mata kore, ta ina za ka bambance naka da nata? Sabon daktan nan da nake kira Gaggawa sai ya yi dariya: "Haba Malam, kore cike da firij, mu zauna jiran ja har mako biyu?" Farfesa ya gyaɗa masa kai. Shekara sha ɗaya ina aikin nan, amma da yake babu "Dakta" a gaban sunana, maganata iska ce.

Alhamis, 6 ga Maris
Gaggawa ya rina ashirin da takwas da kore. Sauran sha biyun na tura su ƙuryar firiza, ban gaya wa kowa ba.

Asabar, 8 ga Maris
Autata "Baban cikin waya" take ce mini. Uwarta ta tambayi ranar zuwa, na ce ƙarshen wata. Da na sani na kama bakina.

Litinin, 10 ga Maris
Hotuna sun fito kore shar, har da tafi. Da suka tafi cin abinci na zaro ɗaya cikin na ɓoye, wanda rini bai taɓa ba, na ɗora a maikiroskof. Kore shar shi ma. Wato ba abin da muke nema suka ɗauka ba, ƙoda ce kawai ke haskenta.
In na yi shiru, ƙarshen wata ina gida.

Talata, 11 ga Maris
Na nuna musu. Farfesa ya cire tabarau: "Me ya hana ka faɗa tun farko?" Ni! Hutu ya koma Mayu. Uwar yara "Allah ya kai mu" kawai ta ce, gara ma ta yi faɗa.

Laraba, 12 ga Maris
Gaggawa ya shiga ofishin Farfesa ya ce, "Farfesa, Malam ya faɗa, ni ne ban ji ba." Ƙofa a buɗe take, da kunnena na ji. Wannan ba zai kai ni gida ba. Amma gaskiya, ba kowa zai iya ba.

Alhamis, 27 ga Maris
Jan rini ya iso shekaranjiya. Gaggawa ne ya kashe fitila, ya rufe gilasan kada haske ya cinye rinin, yana ta "Malam, minti nawa kuma?" Ja ya fito daidai inda ya kamata, wanda ba a rina ba kuwa ko ɗigon ja babu, baƙi ƙirin. Na tarar na haɗa shayi kofi biyu. Ruwan ne ya yi yawa.
Cikin arba'in, ashirin da takwas sun tafi. Ɗaya ya ba da shaida. Sha ɗaya na tsira da su, duka sun fito.