Kwanan Watan da Na Rubuta da Hannuna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya aikin asibiti, ya yara? Na rubuto ne don bakina ba zai iya faɗin wannan magana a waya ba.

Kin ga yadda ’yata, takwararki, ta kwanta kwana tara da ciwon huhu, roba a hanci, haƙarƙarinta na lotsawa in ta ja numfashi. Alhamdu lillahi an sallame mu. To, da likita ya tambaya ko an yi mata allurar rigakafin ciwon huhu, matata ta miƙa kati tana cewa, “Duka uku, ba fashi. Babanta da kansa ya kai ta.”

Yaya, ɗaya kaɗai aka yi, wadda kika yi mata tana sati shida. Ranar ta biyu matata na fama da ciwon ɗinkin tiyatar haihuwa, sai na ɗauki yarinyar. Na tarar da layi har bakin ƙofa, ga mai kaya na jirana a shago. Na juya. Na kwantar da ita kan tarin yadi, na taka keken ɗinkina har azahar, sannan na rubuta kwanan wata a katin, na manna mata auduga a cinya. Da lokacin ta uku ya zo, tsoron ki ga katin ya sa na maimaita.

Yanzu matata na gaya wa matan layinmu wai ruwa kuke tsira wa yara. Ina ji, ina shiru. Ki yafe mini.

Ƙaninki,
Tela

Tela,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, in ana kiran wannan lafiya.

Sau uku na karanta takardarka. Da kana gabana da ka sha mari, da gemunka da komai. Auduga a cinya! Ashe ƙwarewarka ba a ɗinki kaɗai ta tsaya ba.

Ka san abin da shirunka ya jawo? Ranar Talata mata shida daga layinku ba su zo rigakafi ba. Ɗaya na haɗu da ita a hanya, goye da jariri ɗan wata biyu, ta ce, “Malama, ’yar ɗan’uwanki ma bai hana ta ba, ina amfaninsa?” Na yi ta bayani cewa rigakafi ba ya tare kowane ciwon huhu, amma yana tare mafi muninsa, har da wanda ke hawa kai ya kurmantar da yaro. Kallona kawai take yi.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Na ga gurbin sunanta fayau a rajista, wata biyu a jere. Da ’yar wani ce da tuni na kira. Na ce a raina matarka ta raina wurinmu ta koma asibitin kuɗi, na yi fushi, na rufe littafi. Shekara goma sha huɗu ina yi wa iyaye faɗa kan fashi, ga ’yar da aka sa wa sunana ta wuce ta ƙarƙashin hancina.

Ba ni zan gaya wa matarka ba. Kai za ka faɗa. Ka shafa mini kan takwarata.

Yayarka

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina wuni, ya gajiyar aiki? Matar ƙaninki ce.

Ya faɗa mini ranar Juma’a, yana tsaye a bakin ƙofa, ya kasa shigowa ɗakinsa. Ban yi kuka ba. Na tambaye shi, “Tana kuka a shagon?” Ya ce eh.

Jiya na shiga gida shida. A kowanne na ce, “Ƙarya na yi wa Yaya, ba a gama yi wa ’yata allurar ba.” Ba su tambayi dalili ba, ni ma ban tona shi ba. Huɗu sun ce za su zo.

Na ɓata miki suna ba da hakkinki ba. Ban san da wane ido zan dube ki ba, amma Talata muna tafe. Shi zai bi layin, shi zai riƙe mata ƙafa. Don Allah kada ki tsallake da mu gaba.

Ki huta lafiya,
Maman takwararki