Abin da Kika Faɗa Mini a Ɗakin Hatsi

Zuwa ga ƙanwata, Dakta Hajara, tare da sallama da gaisuwa mai yawa.

Bayan haka, ina sanar da ke, a matsayina na babban gida kuma shugaban majalisar baranda wadda ba ta da wakili sai ni, cewa barkonon da kika shuka mini a tsohon bokitin fenti ya yi 'ya'ya. Na tara jama'ar gida, wato matata Hajiya da kyanwa, na yi jawabi mai tsawo, na ayyana ranar a matsayin ranar hutu. Kyanwa ta fice tun ban kai tsakiya ba. Hajiya ta jira na gama, ta tsinke barkonon ta zuba a miya.

Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Gidan waya ba shi da reshe a inda kike. Amma wa zan rubuta wa? Akwai maganar da ke kaɗai kika san farkonta.

Jabi, unguwarmu ta Abuja, tana nan yadda kika bar ta. 'Yan kamasho a tasha suna ta kiran fasinja kamar ana rabon gado. An yi taron tunawa da ke a wani zaure mai sanyi, aka zaunar da ni a sahun gaba da babbar riga, na yi ta gyaɗa kai irin na wanda ya fahimta. Ɗalibanki sun tashi ɗaya bayan ɗaya. Sun ce ke kika nuna cewa wuyar da yaro ya sha ba ta ƙarewa ranar da ya girma, tana neman wuri a jiki ta kwanta, sai bayan shekaru ta fito da siffar rashin barci, ko hawan jini, ko gudun asibiti. Sun ce saboda rubuce-rubucenki, daga manyan asibitocin cikin gari har ƙananan ɗakunan shan magani na wajen Yangoji, akwai ma'aikatan da yanzu ba sa taɓa majinyaci sai sun faɗa masa abin da za su yi. Wani farfesa ya ce masu bincike na ƙasashen da ba ki taɓa zuwa ba suna kafa hujja da sunanki. Na yi tafi har hannuna ya yi zafi. Babu wanda ya tambayi inda kika fara wannan karatu, ni kuma ban ɗaga hannu ba.

To, ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tun bayan rasuwarki hannuna na hagu yake rawa, kaina kuma yana ciwo irin wanda ban saba ba. Likita ya ce sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwata, kuma kada a jinkirta. Kin san na'urar. Ana kwantar da mutum a kan wani siririn gado, a tura shi cikin bututu, rufin yana dab da hancinsa. Ranar farko 'yata Bilkisu ta kai ni. Na leƙa bututun, na gyara hula, na sanar da ma'aikacin cewa wani muhimmin taro ya taso mini. Ya ce, “Oga, ka yi haƙuri mana, yara ma suna shiga.” Na gode masa da wannan ilimi, na fita da saurin da ban san ƙafafuna suna da shi ba. A karo na biyu ko ƙofar ɗakin ban kai ba. Bilkisu ta yi kuka a mota, ta ce Baba so kake mu rasa ka kamar yadda muka rasa Anti. Na amsa mata da wani dogon bayani kan 'yancin ɗan Adam. Ba ta yi dariya ba.

Ke kin san dalili. Kin tuna gidan Gwaggo, inda aka kai mu riƙo bayan rasuwar Inna. Kin tuna ɗakin hatsin nan marar taga, da sakatar da ake sawa ta waje. Laifin bai cika girma ba: an zubar da man gyaɗa, ko an dawo daga rijiya a makare. Dangi har yau suna ba da labarin yadda Yaya Isiyaku ya riƙe ƙanwarsa a zaman maraici, ni kuma ina karɓar yabon da sunkuyar da kai irin na dattawa. Ba su san wanda ya riƙe wani ba. Ni ne nake durƙushewa a bayan ƙofa, numfashina ya ƙi fita. Ke, da ko haƙoranki na gaba ba su gama tsirowa ba, sai ki kama hannuna ki riƙa ɗora shi a kan abubuwa. Ki ce, Yaya, wannan buhun gero ne. Wannan turmi ne. Abin da kake ji yana motsi ƙadangare ne, ba ya cizo. Yanzu za ka ji Gwaggo tana daka, ba ƙofa ake bugawa ba. Haka za ki yi ta faɗa har duhun ya koma ɗaki kawai.

Ban taɓa ce miki na tuna ba. Sau ɗaya, kina rubuta littafin digirinki na ƙarshe, kin tambaye ni ko ina mafarkin gidan Gwaggo. Na ce ni mafarkina bai wuce na tsire ba. Kika dube ni, kika ƙara mini shayi, ba ki sake tambaya ba. Me ya sa ba ki matsa ba? Ko shi ma yana cikin karatun, a bar mutum sai ya buɗe da kansa?

A karo na uku Bilkisu ta kai ni wani asibitin gwamnati daban. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta karɓe ni, sunanta Rifkatu, 'yar wajen Filato, kullum daga Masaka take shigowa aiki. Hausarta irin ta Abuja ce, ba ta damu da wane ne namiji wace ce mace a cikin kalmomi ba. Na fara mata jawabina na taron gaggawa. Ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta jawo kujera ta zauna, ta yadda kanta bai fi nawa tsawo ba, kuma na lura ba ta zauna tsakanina da ƙofa ba. Ta ce, “Baba, babu wanda zai tura ka yau. Mu je ka ga abin kawai, in ba ka so, ka tafi gida, ba faɗa.” Ba ta tambaye ni abin da ya faru da ni ba. Ta ce ba sai na faɗa ba.

Ta zagaya da ni bayan na'urar, ta nuna mini cewa bututun a buɗe yake ta can ma. Ta sa na taɓa gadon. Ta damƙa mini wata 'yar roba a hannu, ta ce in na matsa za ta fito da ni nan take, kuma mu gwada tun yanzu don in ga ba zance ba ne. Na kwanta, gadon ya ɗan shiga, na matsa. Ta fito da ni. Na ce gwajin inganci nake yi a madadin al'umma. Ta ce, “Gwada kuma, Baba, roban ba ya gajiya.”

Sai na shiga. Rufin ya sauko mini. Ƙirjina ya ɗaure yadda yake ɗaurewa a bayan ƙofar Gwaggo, na ji ƙanshin gero ƙarara a cikin asibiti. Sai murya ta zo ta wata 'yar lasifika kusa da kunnena. Ta ce yanzu zan ji ƙara kamar injin niƙa, ba wani abu ne ya lalace ba. Ta ce iskar da nake ji a fuska fanka ce. Ta ce ga ta nan bayan gilashi, tana ganin ƙafafuna.

Hajara, na kasa kunne. Muryar ba taki ba ce, Hausar ba taki ba ce, amma tsarin naki ne, har da ɗan dakatawar da kike yi tsakanin abu da abu. Na rufe ido, na ji wani ƙaramin hannu ya kama nawa na hagu, mai rawar, ya tsayar da shi. Ban ankara ba na ce, Jummai, kina nan? Sunan da Inna take kiran ki da shi, wanda ban furta ba tun muna yara. Muryar cikin lasifikar ta ce, “Ina nan, Baba.”

Da aka gama na tambaye ta inda ta koyi wannan. Ta ce wata likita ce, Dakta Hajara, ta koyar da su, ta rasu, Allah ya ba ta hutawa. Ban gaya mata ke ƙanwata ce ba.

Hoton ya nuna wani ɗan ƙari. Likita ya ce an same shi a kan lokaci, za a iya cire shi. Bilkisu ta rungume Rifkatu a baranda. A hanyar gida, a cikin cunkoson motoci, na ba ta labarin ɗakin hatsi daga farko har ƙarshe, ban sa ko ba'a ɗaya a ciki ba.

Abu ɗaya ne ya ƙi barina. Ranar da muka kai ki makwanci, an ce Yayanta ya sauka ya karɓe ta. Na dubi ramin, ƙafata ta ƙi, wani ya sauka a madadina. Aka jera itace, aka rufe. Wurin ya fi ɗakin Gwaggo ƙunci, Jummai. Wa yake faɗa miki wannan mene ne, wancan mene ne? Kowace salla ina roƙon Allah ya yalwata miki shi, ya haskaka shi, ya sa waɗanda suka zo miki su fara da sallama kafin tambaya.

A ƙarshe, kotun gida ta zauna, ni ne alƙali, ni ne mai laifi. An same ni da kiran ma'aikaciyar gwamnati da sunan da ba nata ba a bakin aikinta. An ci ni tarar kwando ɗaya na lemo, in kai mata da hannuna, in kuma faɗa mata wace ce Jummai. Ban ɗaukaka ƙara ba.

Ki huta lafiya. Allah ya jiƙan ki, ya haɗa ki da Inna.

Yayanki da kika riƙe,
Isiyaku, daga Jabi.